Baƙuwar Kwamfuta a Kowane Tebur, Uwar Garke Ɗaya, ko Linux Kai Tsaye: Wanne Ya Dace da Ajin Koyon Gina Manhaja a Karkara?

Duk malamin da ya taɓa koyar da gina manhaja a ɗakin kwamfuta na karkara ya san yadda makon farko yake salwanta a zagayen tebur-tebur. Wannan kwamfutar ta ƙi karɓar Python, yaren rubuta manhaja, waccan tana ɗauke da tsohon zubinsa, ta kusa da taga an manta kalmar sirrinta tun zamanin malamin da ya gabata, ta ƙarshen layi kuwa ta cika da ƙwayoyin cuta daga filashin da wani ya kai shagon masu tura finafinai. Kafin a daidaita su duka, ɗaliban da suka baro gona ko shago, wasu ma suka biya kuɗin mashin daga ƙauyukan da ke kewaye, sun fara raya wa ransu cewa abin ba na yi ba ne. Ina koyarwa a wata ƙaramar cibiya a ƙasar Ringim, kuma tun bayan da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku a fasahar zamani a ƙarshen 2023, masu neman koyon wannan sana'a suka ƙaru, haka ma shugabannin makarantu da ke tambayata yadda za su shirya ɗakunansu. Shawarar da aka fi ba su ita ce su yi amfani da kwamfutar cikin kwamfuta. Shawarar tana da kyau, sai dai ba kowane ɗaki ta dace da shi ba, kuma ko inda ta dace akwai hanya fiye da ɗaya ta binta.

Kwamfutar cikin kwamfuta, wadda masu sana'ar ke taƙaitawa da VM, manhaja ce da ke yanko wani kaso na ƙarfin kwamfutar gaske, wato furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi) da ram (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai) da wurin ajiya, ta gina wata cikakkiyar kwamfuta da shi a cikin taga guda, mai babbar manhajarta daban. Ana kiran ta gasken mai masauki, ta cikin kuma baƙuwa, kuma waɗannan sunaye zan riƙe har ƙarshe. Amfaninta a aji ya taso ne daga abu biyu. Baƙuwar gaba ɗayanta 'yan fayiloli ce kawai, saboda haka malami zai shirya ta sau ɗaya ya kwafa wa kowa, darasi ya zama iri ɗaya a kowane allo. Sannan ɗalibi yana da cikakken iko a cikinta, ya girka abin da ya ga dama, ya goge, ya lalata, mai masauki kuwa ba ta ji ba ta gani ba, don haka 'yan ajin safe da ke koyon Word da Excel ko atisayen jarrabawar JAMB za su tarar da kwamfutarsu yadda suka bar ta.

Hanyoyi uku ne a gaban mai zaɓi. Ko dai a ɗora baƙuwa a kan kowace kwamfutar aji, ko a tara baƙin duka a kan babbar kwamfuta ɗaya, uwar garke, ɗalibai su riƙa leƙa su ta kebul, ko kuma a haƙura da cikakkiyar baƙuwa a girka Linux, babbar manhajar kyauta da ke maye gurbin Windows, kai tsaye ko a yi amfani da WSL, hanyar tafiyar da Linux a cikin Windows. Kafin a auna su, ina roƙon kowane shugaba ya sa a ɗauki takarda da biro a bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, a rubuta yawan ram ɗin kowace, da irin ma'ajiyarta, ko SSD ce ko tsohon faifai mai juyawa, da zubin furosesarta. Mafi yawan kayan ajujuwanmu na gwanjo ne da aka sayo a Titin Beirut a Kano ko aka ba da kyauta, kuma ko da murfinsu iri ɗaya ne, cikinsu yakan bambanta. Wannan takarda ita ce za ta yanke fiye da rabin hukunci.

Akwai kuma abu na huɗu da za a rubuta, wanda rashin duba shi ya taɓa cinye mana yini guda. Furosesar Intel tana da wata dama mai suna VT-x, ta AMD kuma AMD-V, wadda ita ce ke ba baƙuwa izinin yin aiki a kan furosesa kai tsaye, kuma tun daga zubi na 6.1 VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da baƙuwa, ba ya tashi sai da ita. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da ita a kashe. Ranar da muka buɗe wani aji, na kwafa baƙuwa a kan dukkan kwamfutoci, ɗalibai suka danna maɓallin farawa, sai hannaye suka fara tashi: "Malam, tawa ta rubuta wani jan saƙo." Kusan rabin ajin ke nan. Sai da muka kashe kowace, muka kunna muna danna F10 a kan HP, F2 a kan Dell, F1 a kan ThinkPad, muka shiga BIOS, wato shafin saitunan injin da ke zuwa kafin Windows ya tashi, muka kunna damar. Biyu daga cikinsu muka tarar an kulle BIOS ɗinsu da kalmar sirri tun daga kamfanin da ya yi amfani da su a Turai, waɗannan sai da aka kai su wurin mai gyara. Ana iya gano wannan tun da wuri cikin daƙiƙa goma, domin Task Manager na Windows yana nuna ko damar a kunne take a shafin furosesa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanya ta farko ita ce aka fi sani, kuma a nan gasar tana tsakanin VirtualBox da VMware Workstation da Hyper-V. VirtualBox na kamfanin Oracle ne, wanda ya gaje shi lokacin da ya sayi Sun a 2010, kuma asalin manhajar kyauta ce mai buɗaɗɗen tushe, tana aiki a kan Windows da Linux. Ana sauke ta ba tare da buɗe wani asusu ba, a sa a filash a zagaya da ita. Akwai wani ƙarin kunshi mai suna Extension Pack wanda lasisinsa daban ne, kuma cibiyar da ke karɓar kuɗin makaranta ya kamata ta karanta sharuɗɗansa kafin ta girka shi. Abin farin ciki, tun daga zubi na 7.0 da ya fito a 2022 an mayar da tallafin USB 2 da 3 cikin asalin manhajar, saboda haka ajin koyon gina manhaja ba ya buƙatar kunshin sam. VMware Workstation Pro a da na kuɗi ne. Bayan da kamfanin Broadcom ya sayi VMware a ƙarshen 2023, ya mayar da shi kyauta ga mai amfanin kansa a Mayun 2024, sannan a Nuwamban wannan shekarar ya buɗe shi kyauta ga kowa, har makarantu da 'yan kasuwa. A gwajin da na yi, allon baƙuwa ya fi santsi a kansa, kwafe rubutu tsakanin baƙuwa da mai masauki ma ya fi zuwa ba gardama. Illarsa ita ce sai an buɗe asusu a shafin Broadcom kafin a sauke shi, kuma abin da kamfani ya mayar kyauta da shawararsa yana iya sauya shi da shawararsa.

Hyper-V kuwa ina ba da shawarar a tsallake shi a ajin karkara. Yana zuwa ne kawai da Windows na Pro da Enterprise da Education, babu shi a Home, alhali kwamfutocin gwanjo gaurayen zubi ne. Ya kamata dai a san da zamansa ko ba za a yi amfani da shi ba, domin idan yana kunne a mai masauki, ko an kunna wani tsaro na Windows da ke dogara a kansa, VirtualBox yakan koma tafiya a hankali, kuma yana nuna hakan da hoton ɗan koren kunkuru a ƙasan taga. Malamin da ya ga kwamfutoci biyu masu ƙarfi ɗaya, ɗaya tana gudu ɗaya tana jan ƙafa, ya fara duba wannan kunkurun. Tsakanin sauran biyun, VirtualBox nake zaɓa wa aji, domin shi ɗalibi zai fi samun sauƙin girkawa a tasa kwamfutar idan ya koma gida, kuma bayanin warware matsalolinsa ya fi yawa a intanet.

Inda aikin gaske yake shi ne shirya kwafin farko, wanda nake kira irin shuka, tunda duk aibin da ke cikinsa zai tsiro a kowane tebur. Kada a zaɓi babbar manhaja mai nauyi. Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux da ya fito a Afrilun 2024, yana da tallafin shekara biyar, amma fayil ɗin girka shi ya kusa gig 6 kuma fuskarsa tana cin ram. Xubuntu ko Linux Mint mai fuskar Xfce ko Debian mai Xfce suna yin aiki iri ɗaya da ƙasa da gig ɗaya na ram idan ba a buɗe komai ba. A cikinsa a girka Git mai adana tarihin aikin manhaja, da Python, da Node.js, da VS Code, da MariaDB ko PostgreSQL, da Firefox, gwargwadon manhajar karatun. Daga nan sai abin da malaman birni kan manta: duk wani ƙarin kunshi da darasi zai nema nan da wata uku, irin su Django ko Flask ko React, a sauke shi yanzu a gwada shi da intanet a kashe, domin umarnin pip da npm, masu sauko da irin waɗannan kunshi, ba sa aiki sai da data, kuma ɗalibi ashirin suna sauke abu ɗaya a kan layin waya ɗaya asarar kuɗi ce da lokaci. A sauke littafin bayanin Python da ake karantawa ba tare da intanet ba a ajiye a ciki. A kashe sabuntawar da ke yin kanta. A girka Guest Additions, wanda shi ke sa allo ya cika taga kuma ya ba da damar raba folda da mai masauki. Ina kuma ƙara tsarin madannai na Hausa, wanda Linux ke da shi tun asali, domin ɗalibin da zai gina manhajar rajistar ɗalibai ko ta lissafin dillalin riɗi a kasuwar Maigatari dole ya rubuta ƙ da ɗ da ɓ, kuma gara ya ga tun a aji yadda rumbun bayanai ke karɓar su. Idan an gama, a fitar da baƙuwar a matsayin fayil ɗaya na OVA. Tawa takan kai gig 8 zuwa 10.

Rarraba wannan fayil yana da nasa tarko. Filashi da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gig 4. Na taɓa ganin mataimakina ya tsaya yana kallon filash mai gig 32 wanda babu komai a cikinsa, kwamfuta tana ce masa fayil ya yi girma, har ya fara zargin an sayar masa da na jabu. Sauya tsarin zuwa exFAT ko NTFS ya warware maganar cikin minti ɗaya. Batun gudu kuma lissafi ne mai sauƙi. Kafar USB 2 ba ta cika wuce megabayit 30 zuwa 35 a daƙiƙa ba, wato fayil mai gig 10 zai ci kusan minti shida a kowace kwamfuta, ban da lokacin buɗe shi, kuma filash mai arha bai kai wannan gudun ba. Ƙaramar SSD a cikin akwatin USB 3, mai shuɗiyar kafa, tana rage wannan ƙwarai. Wajen shigar da fayil ɗin, a zaɓi a ba kowace baƙuwa sabuwar lambar katin sadarwa, wadda ake kira MAC, in ba haka ba ranar da aka haɗa su a layi ɗaya domin darasin saba, wato uwar garke, za su riƙa karo da juna.

Duk wannan shiri ba zai yi amfani ba idan mai masauki ba ta da abin ciyar da baƙuwa. Windows 10 ko 11 yana riƙe gig 3 zuwa 4 na ram don kansa. Baƙuwa mai VS Code da Firefox da rumbun bayanai a buɗe tana son gig 3, ta fi sakewa da 4. Ke nan gig 8 shi ne mafi ƙaranci, kuma kwamfuta mai gig 4 ba ta cikin wannan hanya, ko da baƙuwar ta tashi, domin ɗalibi zai danna harafi ya jira fitowarsa. Faifai mai juyawa shi ne cikas na biyu, tunda manyan manhajoji biyu suna jan allura ɗaya kowace zuwa nata ɓangaren. Duk shugaban da ya tambaye ni inda zai fara kashe ɗan kuɗin da ya samu, amsata ita ce ƙarin ram da SSD mai gig 256 a tsofaffin kwamfutocinsa, kafin fenti, kafin majigi, kafin ma sabuwar kwamfuta. Sai dai a duba ko ram ɗin DDR3 ne ko DDR4 kafin a tafi kasuwa, domin ba sa shiga gurbin juna.

Babbar ni'imar wannan hanya ita ce hoton komawa. Da zarar an shigar da baƙuwa aka ga tana aiki, sai a ɗauki hoton halin da take ciki, kuma duk ranar da ɗalibi ya goge abin da bai kamata ba, dannawa biyu za su mayar da ita yadda take a ranar farko. Na lura wannan yana sauya halin ɗalibai, musamman 'yan mata da manyan da suka zo da tsoron kada su ɓata kayan makaranta, domin idan suka ga ɓarna tana gyaruwa nan take sai su fara gwaji da kansu. Amma komawa baya tana tafiya da duk aikin da aka ajiye bayan hoton. Don haka tun ranar farko aikin ɗalibi ya zauna a foldar da aka raba da mai masauki, ko kuma, wanda ya fi, a koya musu tura shi da Git zuwa kwamfutar malami, inda ƙaramar manhaja irin Gitea za ta yi aikin GitHub, shafin ajiye ayyukan Git a intanet, a cikin ɗaki ba tare da data ba. Kada kuma a tara hotuna da yawa, kowanne yana girma yana cin wuri.

Abu biyu ne baƙuwa ba ta yi musu kyau. Idan darasin yana buƙatar Windows a cikinta, kowace baƙuwa tana buƙatar lasisinta, kwafin gwaji da Microsoft ke bayarwa kuwa kwana 90 yake yi, ga shi ya fi Linux cin ram nesa ba kusa ba. Sannan Android Studio, wanda shi kansa yana son gig 8 ko fiye, kuma wayar gwajinsa ita ma baƙuwa ce, saka shi a cikin wata baƙuwar wahala ce. Mai koyar da manhajar waya ya girka shi a kan mai masauki, ɗalibai su gwada aikinsu a kan wayoyinsu ta kebul.

Hanya ta biyu tana burge duk wanda ya gan ta tana aiki. Ana samun kwamfuta ɗaya mai ƙarfi a girka mata Proxmox, manhajar wani kamfanin Ostiriya da aka gina a kan Debian, wadda ake amfani da ita kyauta kuma take dogara da KVM, fasahar tafiyar da baƙi da ke cikin zuciyar Linux tun 2007. Malami yana zaune a gaban allo ɗaya, ya yi samfuri, ya haifar da baƙi ashirin daga gare shi cikin mintuna, ya mayar da na wanda ya lalace, ya kashe su duka da yamma. Kwamfutocin ɗalibai sun zama taga kawai, saboda haka ko masu gig 2 ko 4 sun isa, kuma wannan shi ne ainihin dalilin da zai sa a yi tunaninta.

Lissafinta ne yake da nauyi. Ɗalibi ashirin, kowanne gig 2 kacal, gig 40 ke nan kafin a cire na uwar garken kanta, wato ana maganar injin mai gig 64, da SSD fiye da ɗaya, da furosesa mai ƙwayoyi da yawa. Ana buƙatar kebul zuwa kowane tebur da akwatin rarraba layi mai gudun gigabit, domin allon mutum ashirin a kan Wi-Fi ɗaya yana daskarewa. Tsofaffin sabobin kamfanoni da ake samu a gwanjo suna da arha a saye, amma suna shan wuta, suna da ƙara, kuma an ƙera su ne domin ɗaki mai sanyi, alhali a Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka, sannan hunturu ya zo da ƙurar da ke toshe fanka. Kuma idan uwar garke ta kwanta, garken duka ya tsaya. A hanya ta farko, kwamfuta ɗaya ta mutu ɗalibi ɗaya ne zai matsa kusa da maƙwabcinsa. A nan, inbata ta yi ƙara ta mutu, aji ya tashi, wataƙila har da lalacewar ma'ajiyar baƙi da yawa a lokaci ɗaya.

Tambayar da nake yi wa mai son wannan hanya ita ce wa zai gyara ta ranar Talata da hantsi idan wanda ya haɗa ta yana Kano ko Dutse. Cibiyoyi da yawa sukan ɗauko ƙwararre ya haɗa abu mai kyau cikin kwana biyu, ya karɓi haƙƙinsa ya tafi, bayan wata uku ƙaramar matsala ta taso babu wanda ya san ko kalmar sirrin shiga. Manyan makarantu irin jami'o'in Dutse da Wudil da Kafin Hausa, ko cibiyar fasahar sadarwa ta Kazaure, su ne irin wuraren da ake sa ran samun ma'aikacin da aikinsa ke nan kullum. Ƙaramar cibiyar ƙauye ba ta kama wannan hanya sai tana da sola da batir masu ɗaukar injin yini guda, da mutumin da ke kwana a garin wanda ya iya ta.

Hanya ta uku ita ce wadda aka fi rainawa, kuma ita ce ta fi dacewa da ɗakuna da yawa da na shiga. Idan kwamfutocin masu gig 4 ne, a girka Linux mai sauƙi kai tsaye a kan ɗaya, a shirya ta kamar yadda aka shirya irin shuka, sannan a ɗauki hoton ma'ajiyarta gaba ɗaya da Clonezilla, manhajar kyauta da wata cibiyar bincike ta Taiwan ta samar, a zuba a sauran. Ram ɗin duka ya zama na ɗalibi, babu mai masaukin da zai ci rabi. Idan wata ta lalace a sake zuba hoton, aikin minti goma zuwa ashirin maimakon dannawa biyu, kuma Clonezilla yana iya zuba wa ɗaki guda a lokaci ɗaya idan akwai kebul. Akwai ƙarin dalili a yanzu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida yana neman na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel zubi na 8 ko sama, alhali yawancin kayan gwanjon da ke ajujuwanmu zubi na 4 zuwa na 7 ne. Kwamfutar da ba za ta ƙara samun gyaran tsaro ba, kuma kullum ana soka mata filashin mutane, ba masauki ne mai aminci ba. Cikas ɗin wannan hanya na mutane ne: malamin ajin safe ya saba da Word, kuma wasu manhajojin jarrabawa na Windows ne kaɗai. Inda haka take, a raba ma'ajiyar gida biyu, a zaɓi wadda za a shiga yayin kunnawa.

WSL kuwa tsaka-tsaki ne. Zubinsa na biyu da ya fito a 2020 yana tafiyar da Linux na gaske a cikin wata siririyar baƙuwa da Windows ke kula da ita, yana aiki har a kan Home, yana ɗaukar ram gwargwadon buƙata, kuma VS Code yana haɗuwa da shi sumul. Ana iya shirya shi sau ɗaya a fitar da shi a fayil a shigar a sauran kwamfutoci ta filash. Ga ɗalibi mai tasa laftof, shi nake ba da shawara. Ga kwamfutar aji da mutum uku ke gado a yini, kariyarsa ba ta kai ba, domin ɗalibi yana zaune ne a cikin Windows ɗin makaranta kuma daga cikin WSL yana iya taɓa fayilolinsa. Shi ma yana buƙatar VT-x, kuma kunna shi yana jawo wa VirtualBox ɗan kunkurun nan, saboda haka a zaɓi ɗaya a kowace kwamfuta.

Wuta tana shafar hanyoyin uku, amma ba daidai ba. Laftof tana shan kimanin wat 30 zuwa 65, kwamfutar tebur da allonta sukan ninka haka ko fiye, kuma batirin laftof, ko na minti ashirin ne, yana ba ɗalibi damar rufe baƙuwa da kyau idan an ɗauke wuta ko janareta ya shaƙe. Baƙuwar da aka yanke wa wuta tana cikin rubutu a faifai takan ƙi tashi, kuma hoton komawa ne kawai zai cece ta. Sai wani ƙaramin abu da ba a kula da shi: batirin agogo da ke cikin kwamfuta, mai kama da maɓallin riga, lambarsa CR2032 a yawancin na tebur. Idan ya mutu, kwanan wata yana komawa shekarun baya duk lokacin da aka kashe, baƙuwa kuma daga mai masauki take karɓar lokaci, sai shafukan intanet su ƙi buɗewa, girka manhaja ya ƙi, tarihin Git ya rikice. A sayi kwalinsa a ajiye a durowar malami.

Hukuncina, bayan na gwada biyu daga cikin hanyoyin a ajina na kuma ga ɗayar a hannun wasu, yana bin takardar nan ta farko, daidai ruwa daidai tsaki. Ɗakin da ke da gig 8 da SSD, kuma ana raba shi da wasu darussa, ya ɗauki VirtualBox da baƙuwar Linux mai sauƙi a kowane tebur. Ɗakin da ke da gig 4 kuma babu kuɗin ƙari a bana, ya girka Linux kai tsaye ya riƙe hoton Clonezilla, kada ya tilasta wa kansa baƙuwa don kawai an ce ita ake yayi. Idan ɗakin gauraye ne, kamar namu, babu laifi a haɗa biyun, muddin Linux ɗin da kayan aikin da ke ciki zubi ɗaya ne, ta yadda umarnin da malami ya rubuta a allo zai yi aiki a gaban kowa. Uwar garke a bar ta sai an samu tsayayyiyar sola da mai kula.

Kowace aka zaɓa, gwajin ƙarshe a yi shi mako guda kafin buɗe aji, kuma a kan kwamfutar da ta fi kowace rauni a ɗakin. A cire intanet, a kira ɗaya daga cikin yaran da ba su taɓa ganin tsarin ba, a ba shi takardar darasin farko da na mako na shida, a zauna gefe a yi shiru ana rubuta duk inda ya tsaya. Daga nan a zare wayar wuta yana tsakiyar aiki, a sake kunnawa, a auna minti nawa za a ɗauka kafin ya koma inda yake. A ajinmu wannan gwaji ne ya nuna mana cewa mun manta kunshin da ke haɗa Python da rumbun bayanai, muka gyara irin shukar a daren, muka sake kwafewa da safe, sannan muka rubuta kalmomin sirri da matakan mayar da baƙuwa a takarda biyu, ɗaya a durowar malami, ɗaya a hannun shugaba.